Mai Ɗinka wa Dabino Rigar Sanyi

Duk sanda na ce muku sana'ata ta samartaka ɗinka wa itatuwa riga ce, sai ku ɓarke da dariya, wani ma har ya ce ai wannan ko makaho ya iya, a ɗauko buhu a rufa a ɗaure. Ku yi dariyarku, mu ma mun sha ta a lokacin, tamu har ta fi taku. A garin da mutum ke fitowa daga wanka yana gumi, a ce ga wasu ƙarti zaune a inuwa suna ɗinka wa dabino rigar sanyi, ai dole a dara. Amma ku matso ku ji yadda aikin yake.

Ni ba da niyyar lambu na zo Abijan ba. Daga Katsina na biyo wani kawuna mai fataucin goro, shi ya koma, ni na tsaya, ina da shekara ashirin da 'yan kai. Lokacin ba a daɗe da buɗe tashar jiragen ruwa ba, aiki kamar ƙasa a unguwar Tireshbil. Na samu gurbi a wani sito inda ake ɗinke bakin buhunan koko, tun safe har la'asar basilla ce a hannuna, har na kai ina ɗinki ina hira ba na duban buhu.

Wata rana aka ajiye wasu itatuwa shida a ƙofar sitonmu, kowanne a cikin rabin ganga, an naɗe shi da buhu tun daga wuya har gindi, suna jiran jirgi. Rigar ɗaya ta ɓarke a wajen saukewa. Mai su, wani dogon tsoho mai ɗingishi, yana ta neman wanda zai ara masa basilla. Na ce ya bari in ɗinka masa. Na yi masa ɗinkinmu na koko, na ja zare na tsuke tam, na ja da baya ina jiran a sa mini albarka. Tsohon nan ya zaro wuƙa ya farke aikin nawa tsaf, ya ce koko ba ya numfashi, wannan kuwa yana yi. Ya nuna mini cewa tsakanin riga da jikin itace sai yatsa biyu sun wuce. Na sake. Ya zura yatsunsa, ya tambayi sunan ubana da inda nake kwana, sannan ya ce in same shi a unguwar Ajame bayan sallar Juma'a.

Baba Saje ke nan. Mutumin Damagaram ne, ya yi soja a yaƙin Turawa, aka ji masa rauni a ƙafa, ya yi jinya a wani gari na bakin teku a kudancin Faransa. Da ya fara takawa sai aka haɗa shi da mai kula da lambun asibitin. A can ya ga dabino irin namu tsaye a waje, kuma ya ga yadda ake suturta shi duk shekara in sanyi ya gabato. Wasu sun dawo daga soja da lambar girma, shi ya dawo da ɗingishi da wannan ilimi.

Kasuwar kuwa ga inda take. Bature in ya gama aikinsa zai koma gida, sai ya so ya tafi da itace ɗaya ya dasa a ƙofar gidansa, don maƙwabta su san ya zauna ƙasar zafi. Masu lambu suna sayar musu da duk abin da suka nuna, itacen ya isa can ya ga sanyin farko ya ce ga garinku nan. Na Baba Saje ne kaɗai ke kai labari. Wannan ya gaya wa wancan, har ta kai duk mai shirin tafiya sai ya aiko kukunsa Ajame.

Kayan aikinmu ba yawa. Dagi da shebur na tono, adda, basilla babba da ƙarama, igiyar rama, buhun algarara, da busasshiyar ciyawa da muke shanyawa a kan rumfa muna juyawa kamar kilishi. Sai gangar katako da muke saya a bayan kantunan Turawa, mu raba ta biyu mu huda gindinta. Malam Hamidu, mai karantar da Alƙur'ani a zangonmu, ya ji labarin cewa gangunan nan giya aka kawo a cikinsu. Da ƙafarsa ya zo, ya zagaya su, ya tsaya can nesa ya shinshina. Muka tsaya muna jiran hukunci. Ya ce shi dai bai taɓa karanta inda aka wajabta wa dabino alwala ba, amma mu da muke da ita mu wanke gangar da kyau, mu wanke hannuwanmu. Da zai tafi Baba ya ba shi ɗan dashen lemo, ya riƙe shi a hannu ya ce kada a sa masa a ganga.

Aikin farko da aka ba ni in yi ni kaɗai, wani kajinjiri ne, wato dabinon daji, wanda zai tafi bayan wata uku. Ka ga, ba ranar tafiya ake tone itace ba. Tun da sauran wata uku za ka haƙa rami ka zagaye shi, ka datse dogayen jijiyoyi, ka cika ramin da yashi, ka rage masa ruwa kaɗan kaɗan, har ya saba da talauci. Sannan a ɗaga shi da ƙasarsa a sa a ganga. Abin da ya kamata ku sani shi ne, dangin dabino ba kamar mangwaro ba ne. Mangwaro in ka sare reshe wani zai tsiro. Shi kuwa wuri ɗaya tak yake da shi a can tsakiyar ka inda sabon ganye ke fitowa, mu muna ce masa zuciya. In wurin nan ya mutu, shi ke nan, ko da itacen ya yi wata biyar tsaye da koren ganye yana ruɗin mai shi.

Saboda zuciyar nan ake duk wahalar. Za ka tattaro ganyen sama kamar mai kitso ta tattara gashi, ka ɗaure saku-saku, ka cusa busasshiyar ciyawa a zagayen wuya, ka naɗa algarara. A sama ka kifa masa hula mai tsini da muke saƙawa da kaba, kamar malfa, don ruwan sama ya zame. A gindi ka zuba buntun shinkafa mai kauri. Kowane itace riga biyu muke masa, ta hanya da ta zama, ta zaman da mazugi a gaba don a riƙa buɗewa in rana ta fito. Kajinjiri kuwa ƙaya gare shi a gindin ganye, doguwa kamar tsinken tsire. Ranar da na yi masa riga na tashi aiki hannuna kamar na yi faɗa da bushiya. Baba ya duba rigar ya ce ta yi, bai duba hannun ba.

Da na yi wata biyu sai ya ce ba zai yiwu mutum ya riƙa ɗinka rigar sanyi bai san sanyi ba. Na ce ai na san shi, mu a Katsina har wuta muke ji da safe. Ya yi dariya har da riƙe ƙafar nan tasa. Washegari ya sa na ɗauki 'yan kajinjiri uku a gwangwani, muka nufi inda jiragen kamun kifi ke tsayawa. Akwai wani abokin sojansa da ke gadin ɗakin da ake jibge ƙanƙara. Ɗaya daga cikin itatuwan muka bar shi tsirara, ɗaya muka naɗe da busasshen buhu, na ukun muka naɗe shi muka jiƙa. Baba ya ce in shiga da su in jera a lungu, in zauna tare da su har ya kira ni.

Na shiga da 'yar shara da takalmin roba. Da farko daɗi na ji, na ce ashe abin da Turawa ke kuka da shi ke nan, ni a bar ni nan har azumi ya wuce. Can sai na ga hayaƙi na fita daga bakina. Na rufe baki, ya biyo ta hanci. Na fara karanta duk abin da na haddace. Haƙorana suka shiga kaɗawa da kansu, kunnuwana suka zama ba nawa ba. Na doki ƙofa, ina jin su a waje suna hirar soja. Da aka buɗe na fito da gudu na rungume wani ƙarfe da rana ta gasa, masu sayar da kifi suna ta sheƙa dariya har wata ta zubar da kwandonta. Baba ya ce abin da na ji ɗin nan, a can wata uku ake yi, kuma itace ba ya iya dukan ƙofa.

Bayan kwana uku muka kwaso itatuwan. Na tsirara ganyensa ya babbake kamar an bi shi da wuta, amma daga baya ya farfaɗo. Mai busasshen buhu ko gezau. Mai jiƙaƙƙen buhu, wanda ya fi su kyan gani ranar da aka fito da shi, kafin mako ya ruɓe. Darasin ke nan: sanyi shi kaɗai yana wahalarwa, sanyi da laima su ke kisa.

Kai kaya tashar jirgi shi ne ranar sallarmu. Mukan jera itatuwan tsaye a amalanke, wadda Julawa ke kira wotoro, mu turo tun daga Ajame mu ratsa unguwar Filato mu hau tsohuwar gadar nan mai iyo a kan ruwa. Gada na lilo, itatuwa na gyaɗa kai, kowanne da rigarsa da malfarsa, sai ka rantse ayarin malamai ne za su ɗaurin aure. Akwai ranar da wata tsohuwa Bajula mai raunin ido ta sauke tallanta ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta roƙi na gaban ya sa ta a addu'a. Gada ta motsa, na gaban ya gyaɗa kai, ta tashi tana godiya. Wata rana kuma wani sabon ɗan sanda ya tare mu daga nesa ya ce mutanen nan su sauko su nuna takardunsu. Baba ya ƙame ya sara masa, ya ce ai kurame ne. Ɗan sandan ya matso ya ɗaga hular ɗaya, kajinjiri ya gaishe shi da ƙaya.

Ba kowa muke sayar wa ba. Wani Mushe, kamar yadda ake kiran Turawan nan, ma'aikacin kwastan, ya nace sai kwakwa, irin ta bakin teku mai 'ya'ya, kuma garinsu can arewacin Faransa ne. Baba ya ce masa, "Mushe, wannan ko bargonka ka ba ta kai ka kwana haka, ba za ta ga sabuwar shekara ba." Mutumin ya yi fushi ya saya a wani wuri. Da shekara ta zagayo sai ga ƙaninsa a lambunmu da wasiƙa, yana tambaya ko akwai wata dabarar tayar da kwakwar da ta koma baƙa.

To, shekarar da Turawa suka miƙa mulki ita ce ta zo mana da alheri da masifa a kwano ɗaya. Masu tafiya sun yi yawa, kowa da itacensa. Ana cikin haka aka aiko wa Baba cewa wansa ya rasu a Damagaram, ya bar mini lambu ya tafi. Ga shi kakar koko ta yi kyau, masu saye sun riƙe buhuna, algarara ta yi wuya. Wani Kwara, Balarabe mai kanti a Tireshbil ya nuna mini wani sabon kaya da ya iso, leda, fara tas kana ganin hannunka ta ciki. Ya zuba mata ruwa a gabana, ruwan ya gangare. Na ce abin nema ya samu. Ba laima ce ke kisa ba? To ga abin da laima ba ta ratsawa. Na ga har na fi Baba Saje wayo.

Itace talatin da ɗaya na naɗe da ita. Ranar da muka jera su a bakin jirgi suna ta ƙyalli, 'yan dako suka bar aiki suka zo kallo, ni kuwa ina zagayawa da hannu a baya kamar wanda ya gina tashar. Jirgin ya samu matsala ya yi kwana tara a Dakar cikin rana. Itatuwan suka yi ta gumi a cikin leda, gumin ba hanyar fita. Da jiƙarsu suka shiga sanyin arewa.

Baba ya dawo da kwana biyu sai ga kaftin ɗin jirgin, wani mai jan gemu da ya saba ɗaukar mana kaya, ya shigo lambu da gwangwanin biskit a hammata. Na ɗauka tsaraba ce. Ya buɗe, wari ya kore mu. Ya kwatanta mana yadda masu itatuwan suka kama ganyen tsakiya suka ja, ya zare sulu kamar ruɓaɓɓiyar albasa. Haka ake gane zuciya ta mutu. Duk talatin da ɗayan, ba wanda ya tsira.

Da kaftin ya tafi Baba bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni da me na naɗe su, na kawo ragowar. Ya yanki ƙyalle ɗaya ya naɗe mini hannu tun daga wuyan hannu har gwiwa, ya ɗaure, ya ce in ci gaba da ban ruwa. Kafin azahar hannun ya yi fari ya yamushe, ga ƙaiƙayi kamar in cire shi in yar. Na je na roƙe shi ya kwance. Yana kwancewa ya ce, "Kai da kake da bakin faɗa ke nan."

Daga nan ƙafa ta ɗauke. Kukun da ke zuwa da takardar maigidansa sai ya wuce ta ƙofarmu yana kallon gefe. Muka koma noman salat da tattasai muna kaiwa kasuwar Ajame, inda mata suka raɗa mini suna Idi Leda. Har a masallaci in an ce Idi sai wani ya ce wanne.

Damina na ƙarewa wata Madam Baturiya ta aiko. Mijinta shi ne ke shigo da manyan jirage cikin tasha, a nan ya rasu, a nan aka binne shi. Shekarar da suka zo ya dasa kajinjiri a tsakar gidansu da hannunsa, ga shi yanzu ya fi tsayin mutum biyu. Za ta koma ƙauyen ƙanwarta kusa da birnin Marsay, ba ta son kujeru ba ta son kwanuka, itacen nan kawai take so. Kuma lokacin tafiyar shi ne mafi muni, za a isa ana bakin shiga sanyi. Ta faɗa wa Baba ba ɓoye-ɓoye cewa ɗaya daga cikin talatin da ɗayan nan na ƙawarta ne, ta zo ne don ba wanda ya yarda ya taɓa itace mai girman wannan.

Baba ya zagaya itacen sau biyu, ya ce itacen zai tafi, kuma wanda ya ɓata wancan aikin shi zai raka shi, ba zai dawo ba sai ya ga sabon ganye da idonsa. In kuwa itacen ya mutu, shi Baba zai rufe lambu ya koma Damagaram, don ba zai zauna a garin da sunansa ya ruɓe sau biyu ba. Madam ta dube ni tun daga kai har ƙafa, ta ce za ta nema mini takardu.

Mutum takwas muka ɗaga shi. Buhun algarara kuwa gida gida na bi a Tireshbil ina roƙon tsofaffin abokan aikina na sito har na haɗa. A jirgi aka ɗaure gangar a sarari, kullum da safe in hau tsani in buɗe wuyan riga ya sha iska, in goge gishirin teku daga ganyen, ma'aikatan jirgi suna tambayata ko maigidan ya tashi lafiya.

A ƙauyen na zaɓi gindin wani bango da rana ke duka tun hantsi, muka dasa shi can. Na sa masa rigar zama, na tara ganyen itatuwa busassu a gindi har gwiwa. Wani tsohon maƙwabci, shi ma mai lambu, kullum yana jingine da katanga da lofe a baki, yana gaya wa Madam cewa nan da wata ɗaya za ta samu itacen girki mai kyau. Akwai wata iska da ke saukowa daga tudu a ƙasar nan, in ta taso har cikin haƙori kake jin ta. Wata safiya na tarar ruwan alwalata ya zama dutse a buta. Madam ta ga yadda nake tafiya a dunƙule, ta buɗe akwati ta fito da wata babbar kwat ta ulu ta marigayin, baƙa, mai maɓallan tagulla, ta kai mini har ƙauri.

Ranar da dusar ƙanƙara ta sauka ina tsakar gida. Na ga abu fari na zubowa ba ƙara, na buɗe baki na tara, na yi tsalle, na zame na faɗi, na tashi na sake faɗuwa, Madam da ƙanwarta suna taga suna riƙe da juna. Sai da na ga hular itacen ta lotsa sannan hankalina ya dawo, na ɗauko sanda na kakkaɓe. Bayan dusar aka yi kwana biyar ƙasa ta daskare, ko dagi ba ya shigarta. Na roƙi mai gashin burodin ƙauyen ya riƙa sa mini bulo a murhunsa. In ɗauko su da zafi a kwando, in naɗe a buhu in jera nesa kaɗan da gindi, in sauya duk lokacin salla. A rana ta uku mutanen ƙauyen suka shiga layi, wannan ya miƙa wa wancan bulo tun daga gidan burodi har ƙofar Madam, ana ta raha. Tsohon nan mai lofe ma na gan shi a tsakiya, yana miƙawa yana cewa aikin banza ne.

In rana ta fito in kwance mazugi, in zare ciyawar da ta yi laima in sa busasshiya, kafin la'asar in rufe. Ruwa kuwa ko ɗigo ban ba shi ba. Haka har sanyi ya karye.

Ranar da muka tuɓe masa riga gaba ɗaya, duk ganyen waje sun bushe sun yi ja. Madam ta dube shi, ta juya ta shiga ɗaki. Na jingina tsani na hau, na zura hannu cikin ƙaya, na kama ganyen tsakiya, na yi bisimilla na ja. Bai motsa ba. Na sake ja da ƙarfi har tsanin ya girgiza. Yana nan daram. Na ce wa ƙanwar ta kira ta. Bayan mako uku wani ɗan kore kamar bakin mashi ya leƙo, Madam da kanta ta hau tsani da shekarunta, mutum huɗu na riƙe da shi. Da yamma sai ga mai lofe ya zo da zare yana auna hular, wai ta wani ɗan'uwansa ce ta lalace.

Na sauka a Tireshbil ranar Juma'a da tsakar rana, sanye da kwat ɗin nan, maɓallai a rufe har wuya. Labari ya riga ni isowa ta wasiƙar Madam, mutanen zango sun cika bakin tasha. Da ita na shiga masallaci, gumi na bin ƙafata har tabarma, ban yarda na cire ba. Da ita na hau gada, da ita na ratsa kasuwar Ajame a gaban matan nan, a hankali, don kowa ta gani.

Na iske Baba zaune a ƙarƙashin rumfa, takardun masu neman itace guda uku a kan gwiwarsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi tsawon sabon ganyen, na nuna da hannu. Ya tambayi sau nawa na sauya ciyawa, na faɗa. Sai ya kama gefen kwat ɗin ya murza, ya kara a bakinsa ya hura, ya ji iska ta fita ta ɗaya gefen. Ya ce in cire ya gani. Na cire na miƙa masa da hannu biyu. Ya shimfiɗa ta a kan tabarma, ya auna da taƙi, ya ɗaga kai ya ce, "Wannan ta fi algarara. Wuyan itace huɗu za ta fitar, hannayen kuma na ƙanana."

Kafin in ce wani abu ya sa almakashi. Maɓallan shida kaɗai ya zuba mini a tafin hannu, ya ce in je in yi wanka in zo, akwai tono.